Kujerar da ta dubi gabas

Sati uku Baba Souleyman ya yi a kwance a asibitin Tawa, tun ranar da ya faɗo daga kan rumbun da yake ginawa a Bambeye, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi masa aiki, ƙashi ya kama. Ran Talata likita ya ce Asabar za a sallame shi, amma sai ya riƙa zuwa motsa ƙafa, abin da suke kira kine, sau uku a sati har wata biyu. Ya faɗa a fili cewa in aka yi wasa da zuwan, ƙafar za ta sandare, tsohon ba zai ƙara taka ƙasa da kansa ba.

Attahir, ɗansa, mai kabu-kabu ne a cikin gari. Ya riga ya share wa uban ɗaki, matarsa Balkisa ta wanke tabarmi. Sai Baba ya juya fuska bango ya ce gida zai koma.

"Baba, ai babu kine a Bambeye."

"Na sani."

"To mi za mu yi da ƙahwar?"

Sai da mai jinyar gadon kusa ya fita, sannan tsohon ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Ba ni iya tsugunnawa, Tahiru. Ba ni zama gidan da surukata za ta ji ana ɗauka ta zuwa bayan gida awa jariri. Can ƙanena na nan, tare munka tsuhwa, ba ni jin kunya tai."

Attahir ya san uban. In ya kira shi Tahiru da wannan murya, magana ta ƙare.

Da yamma ya kai kukansa wurin Madam Tina, maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya ce da aka turo daga Dosso. Tana tsinke zogale a ƙofar ɗakinta ta saurare shi har ya gama. Ta ce abin ba wuya gare shi ba: a gina kujera a kan ramin, tsayinta ya kai gwiwa ko ya ɗan fi, a sa ƙarfe a gefe inda mutum zai kama ya miƙe, a gyara daɓen kada ruwa ya kwanta ya ja santsi. In an yi haka, tsohon zai shiga da sandunansa, ya rufe ƙofa da hannunsa, ba ruwansa da kowa.

Magini ɗaya Attahir ya tambaya. Da ya ji kuɗin aikin sai ya yi masa godiya, ya tada moto. Kuɗin asibiti sun riga sun share aljihu. Abin da ya rage bai wuce na buhun siminti ɗaya da ɗan canji ba.

Abin dariyar shi ne ɗan magini ne, amma bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Tun yana shekara goma sha biyar ya bar kwaɓa ƙasa ya taho Tawa, uban kuma bai taɓa yi masa maganar ba, sai dai ya daina kiransa in ana aza rumbu. Yanzu ga shi ran Laraba da safe, duk inda ya sauke fasinja kusa da wani gini sai ya tsaya kamar yana duba taya, yana leƙen yadda ake haɗa yashi da siminti. Ya samo bulo shida na wata tsohuwar katanga, ya ɗebo yashi a ƙorama buhu-buhu a bayan moto, ya sayi murfin roba irin na zaman masai a kasuwa, ya tsinto guntun bututun ƙarfe wurin masu kayan tsoho.

Bayan gidan nasu yana kusurwar tsakar gida, ba rufi, katangar ƙasa ce ta kewaye shi, ƙofarsa fallen kwano guda wanda bai kai kafaɗar mutum ba. Ramin yana tsakiyar wani daɓe da ya tsattsage, ana rufe shi da tsohon murfin tukunya. Gefen wanka kuwa kullum ruwa na kwance, har gansakuka ta yi kore.

Kwaɓin farko ya yi ruwa sosai, yana zuba shi sai ya malale. Balkisa ta leƙo da tulu a ka.

"Malam, kunu kake damawa? In kawo ludayi?"

"Ke dai zuba ruwan ki tahi."

"Ai ruwan ne ya yi yawa. Ni da ba ɗiyar magini ba na gani."

Ya yi dariya duk da zufa na shiga masa ido. Ya ƙara yashi da siminti a hankali, yana jin kowane cokali a ransa, don ya san buhun ba shi da ƙane. Ya kafa tsohon bokiti mara gindi a bakin ramin, ya jera bulo kewaye da shi, ya cike tsakani. Da ya zare bokitin sai ga baki zagayayye sumul. Ya auna tsayin da gwiwarsa kamar yadda Madam Tina ta ce. Ya aza bulo biyu a baya don jingina. Ya kafa bututun ƙarfen a hannun dama, ya danne gindinsa da duwatsu da siminti. Kujerar ta dubi ƙofa, yadda mutum zai shigo kawai ya juya ya zauna.

Ran Alhamis ya yi daɓe. Sau uku yana zuba ruwan buta a ƙasa yana kallon inda zai bi, sau uku ruwan na komawa kusurwa ya kwanta. A na huɗu ya bi hanya ya fita ta kwata. Attahir ya zauna a kan dugadugansa yana kallon ruwan nan kamar wanda aka yi wa albishir. Ya kakkaɓe buhun simintin har ƙurar ƙarshe, ya lulluɓe aikin da jiƙaƙƙun buhuna. Fatar yatsunsa ta tsage, bayansa na ciwo, amma ya ci tuwo malmala biyu.

Ran Juma'a da hantsi ya ɗaga buhunan. Siminti ya kama kamar dutse. Ya ɗora murfin robar a kai ya kira Balkisa.

"Zo ki gwada kujerar gwamna."

Ta shigo tana gyara zane, ta zauna da yanga, ta jingina, ta kama ƙarfen kamar mai shirin yin jawabi. Sai ta runtse ido, ta kare fuska da tafin hannu.

"Kai, rana ta cika min ido."

Ta faɗi haka tana dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ta sauke hannun a hankali ta dubi mijin, shi ma ya dube ta, sannan ya juya ya dubi ranar da ta leƙo ta saman ƙofar kwanon.

Gabas. Kujerar alƙibla take kallo.

Tun da suke gidan ba wanda ya taɓa tunanin abin. Rami ba shi da gaba ba shi da baya, kowa ya shiga sai ya juya arewa ko kudu kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, ba tare da ya ma lura ba. Kujera kuwa ta zaɓa wa mutum inda zai duba. Kuma tsohon da bai taɓa aza rumbu ba sai ya yi bisimilla ba zai biya bukata yana fuskantar inda yake salla ba, ko da ƙafar za ta tsinke.

Attahir ya gwada zama ta gefe. In ya dubi kudu, ƙarfen ya tare shi. In ya dubi arewa, gwiwarsa ta daki katanga, tsakaninsu bai kai taƙi ba. Fasawa kuma ba siminti. Gobe ce Asabar.

"Mu yi shiru," in ji Balkisa, ba da ƙarfi ba. "Wataƙila ba zai lura ba."

"Baba? Mutumin da ke sanin gabas ko a cikin rijiya?"

Bayan an sauko daga masallaci ya tafi asibiti. Ya tarar da uban a kishingiɗe, ƙunshin kayansa a ɗaure a gefen gado. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi duk abin da ya yi tun daga Laraba, bai rage komai ba, har kunun da Balkisa ta ce yana damawa. Da ya zo kan ranar da ta shiga ido sai ya sunkuyar da kai.

Gadon ya fara girgiza. Attahir ya ɗaga ido a tsorace, sai ya ga Baba dariya yake, irin wadda ba ta fita, hannunsa dafe da ƙugu, hawaye na bin gemunsa.

"Wayyo ƙuguna. Ɗan Souleyman magini! Ka aza gini ba ka tambayi rana ba?"

"Na yi kuskure, Baba."

"Kai ka kwaɓa da hannunka?"

"Ni na kwaɓa."

"Mu gani."

Ya miƙa hannuwan. Tsohon ya juya su, ya shafa inda siminti ya ci fata, ya daɗe yana riƙe da su. Sannan ya gyara zama, muryarsa ta canja, ta koma irin wadda Attahir ya sani tun yana ƙarami, ta mutum a kan tsani.

"Bakin kujerar, zagaye ne ko mai tsawo?"

"Zagaye. Da bokiti na hidda shi."

"Madalla. Ƙarhen yana wane hannu?"

"Dama."

"Kudu ke nan. Katangar arewa, ta wa ce?"

"Tamu ce. Bayanta garken akuya."

"Ƙasa ko siminti?"

"Ƙasa."

Baba ya buga tafin hannu a katifa. "To mi kake wa kuka? Kada ka taɓa kujerar nan. Mutum shi dubi arewa. Ƙarhen ya koma baya, a ɗaura mai katako a jingina. Abin da ka yi don jingina ya dawo hannun hagu, a dahwa shi a miƙe. Katanga ce za ta matsa, taki biyu. Ƙasa kuwa ba a sayen ta, ruwa da ciyawa take so."

"Ban iya ginin ƙasa ba, Baba."

"Na san ba ka iya ba. Kai da ka gudu. In na bar ka kai kaɗai, a kan akuyarku za ta faɗi."

Ran Asabar da safe aka kawo shi a motar haya. Kafin ya iso Attahir ya rushe katangar arewa, ya kewaye wurin da zana, ya juya murfin robar, ya ɗaure katako a jikin ƙarfen. Balkisa ta gaida surukinta daga nesa, ta ajiye fura, sai ta tuna wai tana da saƙo wurin Madam Tina, ta fita ta daɗe.

Baba ya dogara sandunansa biyu ya nufi kusurwar. Attahir ya bi shi taki ɗaya, tsohon ya ɗaga masa hannu, ya tsaya. Ya ji ƙarar kwano an ja shi an rufe. Ya tsaya nan a tsakar gida yana kallon ƙasa, kunnensa duk yana can, yana jiran a kira sunansa. Ba a kira ba. Can sai ya ji zubar ruwan buta, ya ga ruwan ya biyo kwata ya fito waje bai tsaya ko'ina ba. Ƙofa ta buɗe.

"Alhamdu lillahi," Attahir ya ce a cikin ransa, ya sake faɗa, har sau uku.

Baba ya zo ya zauna a kujerar da aka ajiye masa a inuwar itacen bedi, ya jingine sandunan. Ya dubi tulin ƙasar katangar da aka rushe, ya ce a jiƙa ta yau ta kwana biyu, a tattake ta da ƙafa, a zuba ciyawa. Ya ce hawa ɗaya ake yi a bari ya sha iska, ba a yi wa ƙasa gaggawa. Sannan idonsa ya zagaya tsakar gidan a hankali, ya tsaya a kan madafin Balkisa.

"Wancan bangon ma ya karkace. Wa ya yi muku shi?"

"Haka muka tarar da shi, Baba."

"Ba ya kai damina." Ya girgiza kai. "Aiki ne babba a gidan ga. Da mai koyo irinka, ba na jin mu gama shi ƙasa da wata biyu. Yaushe ne kine ɗin nan nasu?"

"Litinin, ƙarhe takwas."

"To mu je da wuri mu dawo, kahin ƙasa ta bushe. Kwance min ƙunshin can, cokalina na ciki."

Attahir ya kwance ƙunshin. A ƙarƙashin riguna biyu da carbi ya sami tsohon cokalin ginin, ƙotarsa ta yi santsi saboda riƙo. Ya kawo da hannu biyu. Baba bai karɓa ba, ya nuna masa tulin ƙasar da haɓa. Attahir ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki tulu ya tafi ɗebo ruwa.