Inda Labarin Baba Ronke Ya Tsaya

"Ni dai ban yarda ba," in ji Madam Ebun, tsohuwar nas, ta kife takardun a cinyarta. "An ɗauki gawar yaro an sa a mota, uba ya rako zuwa bakin ƙofa, shi ke nan wai labari ya ƙare? Ina aka kai shi? Wa ya yi masa addu'a?"

"An zuba mana amala an hana mu miya," in ji Tiamiyu mai gidan burodi. Aji ya yi dariya.

Baba Ronke bai ce komai ba, domin ba shi da damar cewa. Ranar Asabar ce da yamma, muna cikin ajin firamaren da ake ba mu aro a unguwarmu ta Oke-Ado, a Ibadan. Tun da na yi ritaya daga koyarwa nake tara manya a wurin, 'yan kasuwa da 'yan fansho, ina koya musu rubuta labari. Dokarmu ɗaya ce. Wanda ake duba labarinsa zai zauna a kujerar da ke gaban allo, ya yi shiru har kowa ya faɗi abin da ke ransa. Tiamiyu ya laƙaba mata suna kujerar mamaci, wai don ana maganarka kana ji ba ka iya tankawa. Ranar Baba Ronke ne a kanta, hularsa a gwiwa, kumburarrun ƙafafunsa sun cika silifa.

Tiamiyu ya juya wajen Madam Ebun. "Amma nas, ke ma kin san a al'adarmu ta Yarbawa uba ba ya bin gawar ɗansa. Ko kabarin ba a nuna masa."

"Na sani mana, ba daga Landan aka sauke ni jiya ba. Uba ba ya bi, to marubuci fa, wa ya ɗaure masa ƙafa? Malama, ba ke kika ce mu sa mai karatu ya ga wuri da idonsa ba? Ƙasar ja ce ko baƙa? Akwai inuwa? Baba ya ji tsoron ƙarshen labarinsa ne kawai, ya gudu."

Ni kaɗai a ajin na san ba ƙirƙira ya yi ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Da can Baba Ladipo muke kiransa, sai da mota ta kashe ɗansa Ladipo a hanyar Ife, yana saurayi ya fara aiki, sannan unguwa ta koma kiransa da sunan 'yarsa Ronke. Ba wanda ya shirya hakan, bakin mutane ne ya juya da kansa.

"Madam," na ce, "mu koma farkon labarin, wurin da yaron yake goge takalmi."

Baba Ronke ya ɗaga mini hannu a hankali, irin ɗagawar da yake wa mutane a tasha lokacin yana tuƙa jirgin ƙasa. Nufinsa in bar ta ta gama. Ta kuwa gama, ba ta rage komai ba. Da na ba shi izinin magana ya sa hularsa ya ce, "Na gode. Gaskiya kuka faɗa. Ban ga wurin ba."

Tare muka koma gida. Tafiyar da yara ke yi a guje ta zame masa aiki, sai da ya huta a gaban mai ƙosai, ya sake hutawa a bakin kwata.

"Malama," ya ce, "likita ya ce zuciyar nan ta gaji. Ba na so in tafi in bar yaron a cikin mota."

"Labari ne, Baba. Kana iya ƙirƙiro maƙabarta."

"Na gwada. Duk wadda na ƙirƙiro sai in ga ba ya ciki."

Washegari bayan sun dawo coci ina shanya a tsakar gida na ji su ta kan katanga. Ƙanensa Adisa ne ya binne Ladipo, shi kaɗai a dangi ya san wurin, kuma Baba yana so a kira shi ya kai shi.

"Ba da raina ba," in ji matarsa. "Ronke na can Legas da tsohon ciki. Kana so ka taka kabarin ɗaya ka jawo mana na biyu? Saboda wasan yara na ranar Asabar? Tsofai-tsofai da ku kuna zama a benci kuna tsara ƙarya!"

"Mama Ladipo," ya ce.

Tun rasuwar ban ƙara jin an kira ta da sunan nan ba. Can na ji ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ba na so in gani ne kake tsammani? Adisa ya rantse mini ba zai kai ɗayanmu ba. Ronke kaɗai ta rage mana."

Asabar ta gaba bai zo aji ba, haka wadda ta biyo. Na shiga duba shi wata safiya na tarar an jingina shi da matasai a ɗakin gaba, don ba ya iya numfashi a kwance. Kokon da aka dama masa ya huce a kan kujera. Ya tambaye ni me aka koya, kamar ɗalibin da ke tsoron a wuce shi.

"Mun yi magana a kan wanda ke ba da labari," na ce. "Wani lokaci mai labarin ba ya iya shiga wani ɗaki. Sai a miƙa labarin ga wanda ya shiga."

Ya dubi silin. "Ya halatta?"

"Ana yi sosai."

"Mama Ronke!" ya kira. "A aika wa Adisa. Ba zan je ko'ina ba, na yi miki alkawari. Tambaya kawai zan yi."

Adisa ya zo da hantsi, dattijo ne shi ma, kafinta, da garin katako a gashin hannunsa. Ya duƙa ya gaida yayansa, ya zauna a gefen gado. Mama Ronke ta ɗauki roba ta ce za ta kai markaɗen tattasai, ko da yake na ga markaɗaɗɗe a madafa. Baba ya ce in riƙe biro in rubuta masa.

"Ban ce ka faɗi sunan maƙabartar ba," ya ce wa ƙanensa. "Ban ce ka faɗi hanya ba. Ƙasar wace iri ce?"

"Yaya, don Allah."

"Adisa, ni na goya ka zuwa makaranta."

Adisa ya sunkuyar da kai. "Ja ce. An kwana ana ruwa, ta yi ta manne mana a takalma."

"Akwai inuwa?"

"Akwai bishiyar kashu ta wajen kansa. Lokacin ƙarama ce, ba ta wuce ƙuguna ba. Yanzu ta rufe wurin gaba ɗaya."

"Ka san girmanta na yanzu?"

"Ina zuwa share ciyawa duk ƙarshen damina."

Baba ya dube shi. Bai taɓa sani ba.

"Wa ya shiga ramin ya karɓe shi?"

"Ni da abokinsa."

"Da nauyi?"

"Da nauyi, Yaya. Ka san Ladipo da amala."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Adisa yana bubbuga masa baya yana kuka. Da ya lafa ya fara faɗa ina rubutawa. Ya bar uban a bakin ƙofa yadda yake, ya sa baffan yaron ya shiga mota. A hankali yake magana, yana tsayawa ya huta, yana sa ni in soke kalma in sa wata. Da na rubuta cewa ƙasar jajir ce ya ce in mayar da ita ja kawai, haka Adisa ya faɗa. Muka kai wurin da baffan ya tsaya yana kankare laka daga takalminsa a jikin dutse kafin ya koma gida, don kada ya shigar wa iyayen da ƙasar wurin.

"Ka yi haka?" na tambayi Adisa.

"Na yi. Ban faɗa masa ba kuwa."

"Na ga takalmanka ranar," in ji Baba. "Sun yi tsabta da yawa." Ya lumshe ido. "Malama, a sa labarin a kujera. Nas ta faɗi abin da ta gani."

Ranar Laraba da safe ya cika, matarsa tana dama masa koko. Na ji ƙarar ludayi ya faɗi, sannan muryarta. Da yake tsoho ne, kuka bai daɗe ba aka shiga shirin bikin binne shi. Aka fitar da anko shuɗi, aka kafa rumfuna har suka toshe layi, makaɗa suka zo, tsofaffin abokan aikinsa na jirgi suka yi rawa da sanduna. Ronke ta zo da jaririnta namiji, ta haihu lafiya kafin bikin. Aka binne Baba a gaban gidansa, kusa da baranda, kamar yadda ake wa dattawa. Duk mai wucewa yana ganin kabarin, awakin unguwa har sun fara kwanciya a kan simintin.

'Yan ajinmu sun zo bikin, a nan suka ji sunan Ladipo a bakin fasto. Madam Ebun ta kama hannuna ta matse.

Asabar ɗin da muka koma aji na ɗora takardun a kujerar gaban allo. Tiamiyu ya kawo burodi kamar kullum, ba wanda ya taɓa. Muna shirin farawa sai ga Mama Ronke, da baƙin ɗankwali, ba ta taɓa taka wurin ba. Ta dubi bencin yara ta zauna a ƙarshensa.

Na matsa kusa da ita. "Mama, ƙarshen ya canja. Babu sunan wuri, amma akwai yadda wurin yake."

"Na sani. Ina bayan taga ranar, ban kai markaɗen ba sai da ya fara tambayar ƙasa." Ta gyara zama. "Wace ce nas ɗin?"

Madam Ebun ta ɗaga hannu kamar yarinya.

"Ke kika tayar mana da wannan. Ke za ki karanta."

Madam Ebun ta ɗauki takardun ta fara. Yaron ya goge takalminsa, ya ci amala a tsaye, ya ce zai dawo kafin dare. Aka kawo labari. Aka sa shi a mota, uban ya rako zuwa bakin ƙofa. Daidai nan Mama Ronke ta miƙe, ta taka a hankali zuwa ƙofar aji. Madam Ebun ta dakata da karatu, muka zaci Mama Ronke tafiya za ta yi. Sai ta tsaya a kan dokin ƙofa, ta ba mu baya, ta dafa katakon da hannu ɗaya.

"Ci gaba, nas," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ni nan zan tsaya."

Madam Ebun ta share ido da gefen mayafi, ta juya shafi. Ta karanta jar ƙasa, ta karanta ƙaramar bishiyar kashu. A waje an fara yayyafi a filin makaranta, iska tana kaɗa bakin ɗankwalin Mama Ronke, hannunta yana nan a jikin katakon.