Baffan Saodah

Kowa a ƙauyen Balik Pulau na tsibirin Penang ya san a gidan Sinawa aka haifi Saodah, ba kuma wanda abin ya dama. Zamanin yaƙin da Japanawa suka mamaye ƙasar, da yunwa ta mayar da mutanen Penang cin rogo safe da yamma, gidaje da yawa na cikin birni sun miƙa 'ya'yansu mata ga Musulmin ƙauye. Ita liman Lebai Din ne ya karɓe ta tana 'yar shekara biyar, ya raɗa mata suna, ya raine ta, ya aurar da ita.

Abin da ta riƙe na gidan farko bai taka kara ya karya ba: shagon shinkafa, sunan zuri'a Cheah, sai mutum biyu da take kira Baffa da Gwaggo. Da waɗannan ta haɗa wa kanta labari, cewa ita marainiya ce, ƙanin ubanta ya riƙe ta har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ta taɓa ƙullatarsa ba. Iyayen nan da ba ta san ko fuskarsu ba, su take kewa, kuma tsufa bai rage mata komai ba, sai ma ƙarawa.

Da ta haura tamanin ta kira babban ɗanta, Hamidon, wanda ya yi ritaya daga gidan waya.

"Kai da ba ka da aiki yanzu sai kiwon tumbi, je ka nemo mini sunan uwata. Sunan kawai nake so."

"Mama, a ina zan fara?"

"Wasiƙun mutane ka kai shekara da shekaru. Na uwarka ne za su gagare ka?"

Hamidon mutum ne mai naci, irin wanda in ya sa kai ba ya ɗagowa. A zauren zuri'ar Cheah aka buɗe masa tsofaffin takardun ƙidayar gidaje, ya kuwa sami mai shagon shinkafar: Cheah Tiang Hock, da matarsa, da 'ya'ya mata uku. Babu wata 'yar ɗan'uwa a gidan. Da ya faɗa wa Saodah sai ta ce, "Ashe ko a ƙidaya ba su sa ni ba." Ranar ba ta taɓa abincinta ba.

Sai ya hau neman wan Tiang Hock, tunda shi ne uban. Ya yi wata da watanni yana jigila tsakanin ɗakin ajiyar takardun kotu da maƙabartun Sinawa, yana farautar mutumin da Allah bai halitta ba. Wasiyyar mahaifin Tiang Hock ce ta tsayar da shi: ɗa namiji ɗaya tal tsohon ya bari, Tiang Hock. Babu wa, babu ƙane. A wasiyyar shi Tiang Hock ɗin kuma ya ga sunan autansa, Eng Huat, wanda aka ce har yanzu yana raye a unguwar Air Itam, ya bar wa 'ya'yansa rumfar taliya.

Saodah ta ce da ita za a je. Ta sa mayafinta mai kyau, ta riƙe sandarta, duk hanya tana yi wa Hamidon faɗan tuƙi.

Eng Huat ya tarbe su da shayi a kofunan gilashi da ya wanke a gabansu, don ya san baƙinsa Musulmi ne. Hamidon ya shimfiɗa takardu ya fara bayani tiryan-tiryan, amma tsohon ba takardun yake kallo ba. Saodah yake kallo.

"Baiwar Allah, me kika ce kina kiransu?"

"Baffa da Gwaggo."

Eng Huat ya ajiye kofinsa. Ya jawo takardar ƙidayar ya ɗora yatsa a kan sunan ta uku cikin 'yan matan, Gaik Lean.

"Ga ki nan, Yaya. An sa ki."

"Wannan ai 'yar gidan ce."

"Ke ce 'yar gidan. Kafin ke, jarirai biyu suka binne a jere. Ke ma kika zo kina ta ciwo. A wajenmu in haka ta faru, sai a hana yaro cewa Baba ko Mama, a koya masa Baffa da Gwaggo, don abin da ke ɗauke 'ya'yan gidan ya zaci ɗan wani ne ya wuce. Tsoron rasa ki ne ya sa."

Saodah ba ta yi kuka nan take ba. Shekara saba'in da ɗori tana kewar wata mace da ta ƙirƙira, alhali wadda take yi mata tsifar kai, wadda ta raka ta har bakin motar ƙauye ta juya da sauri, ita ce.

"Amma ai sun ba da ni," ta ce a hankali.

"Yayyenki biyu da aka bari a birni ba su ga ƙarshen yaƙin ba. A ƙauye akwai abinci. Da aka samu lafiya Baba ya ce an yi wa liman alkawari ba za a tayar da maganar ba. Ita uwarmu ba ta yi musu ba. Amma har zuwa lokacin da ƙafarta ta daina ɗaukarta, takan hau mota ta tafi kasuwar Balik Pulau, wai can kifi ya fi arha. Ba ta taɓa dawowa da kifi ba."

Kasuwar da Saodah ta yi rabin rayuwarta tana sayar da wainar shinkafa ke nan. Ta shiga laluben fuskokin tsofaffin Sinawan da suka taɓa tsayawa gaban farantinta, ta kasa ware ko ɗaya.

Hamidon ya ɗauko alƙalami. "Kawu, sunanta fa? Shi Mama ta aiko ni nema."

Saodah ta dafa hannunsa. Ta dubi ƙanin nata.

"Ku da ba a hana ku kiranta uwa ba, me kuke ce mata?"

"Ah Bu."

Ta motsa leɓɓanta, ta gwada sau ɗaya a ciki. Sannan ta faɗe shi a fili, da murya irin ta mai kiran wanda ke ɗaki na kusa.