Ƙarfen Gaban Motar Almu

Tun da aka kwantar da Almu direba da karayar haƙarƙari, matarsa Batula take cika tana batsewa. Duk mai zuwa dubiya sai ya fara zagaya motar a ƙofar gida, sannan ya shigo da barka, wai ko fitila ba ta fashe ba.

Ina za ta fashe? Bara ya sa mai walda a Tambuwal ya liƙa mata ƙaton ƙarfe a gaba saboda shanun hanyar Kebbe. Bel ɗin kujerarsa kuwa tuni ya yanke, da shi yake ɗaure buhunan gero. Ranar da ya kauce wa saniya ya daki bishiyar kuka, motar ba ta lotsa ba balle ta shanye bugun. Ita ta tsaya cak, shi kuwa gudun bai sake shi ba sai da ƙirjinsa ya haɗu da sitiyari.

Yau ma ga wansa Rufa'i zaune yana yabon ƙarfen, Almu na gyaɗa kai yana nishi.

Batula ta dire kwanon fura a gabansu.

"Yaya, tunda ita motar lafiyarta lau, ku tura ta Kebbe ita kaɗai ta nemo muna na tuwo."