Romon Gansakuka

A daminar 1994 kajin Malam Badaru goma sha huɗu suka shiga yajin aiki. Abincin kaji ya yi tsada, dusa ce kawai safe da yamma, su kuwa suka ce ba ƙwai. Matarsa Baraka ta yanke hukunci: in Alhamis ta zo ba a ga ƙwai ba, duk sai kasuwar Maigatari.

Malam Badaru malamin kimiyya ne a wata makarantar kwana a Gumel, shekara goma sha bakwai yana koyar da abin da bai taɓa gwadawa ba. Ya san kaza ba ta ƙwai sai da furotin, wato sinadarin gina jiki. Ya kuma karanta cewa in aka tsare ruwa a tukunya, tururi bai samu hanya ba, zafinsa yakan wuce na tafasa, har ya tatso furotin daga abin da aka zubar. Ragowar wake na nan a ɗakin cin abincin ɗalibai. Gansakuka kuwa ta rufe kududdufin bayan unguwa, kore shar, ba mai ita.

Tukunyar ce matsala. Sai ya tuna Keziya, matar abokin aikinsa Nehemiya, tana da wata da ta zo da ita daga Jos, mai murfin ƙulli, mai yin fito in ta ɗauki zafi. Ya je wurinta neman aro.

“Maman Joyce, awa biyu kawai.”

“Me za ka dafa, Malam? Ganda?”

“Bincike ne.”

“To, binciken ya dawo min da murfina lafiya.”

Ranar Talata da hantsi ya naɗe wando ya shiga kududdufi da rariya, mata masu wanki suna yi masa sannu da aiki cikin wata irin murya. Ya dawo ya haɗa gansakuka da wake da ruwa, ya ƙulle murfi, ya aza a murhu. Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta zo daga Ɗanzomo ganin likitan ido, tana kan tabarma tana kallo.

“Badaru, wannan miyar ta wace ƙabila ce?”

Nan fa malanta ta motsa. Ya yi mata darasi na rabin awa, ya rufe da cewa, “Sirrin duka, Goggo, kada tururi ya fita. In ya fita, an yi aikin banza.” Sannan ya shiga ɗaki neman littafin da zai rubuta sakamako.

Tukunya ta fara fito. Goggo ta ga tururi na tsiyaya ta ɗan hancin murfi, ta girgiza kai. Shekara hamsin tana dambu, ba ta taɓa barin madambaci yana huci ba. Ta kwaɓa kuka da ruwa, ta samo tsumma, ta liƙe hancin tam, ta ƙara itace biyu.

“Na gyara maka,” ta ce da ya fito. “Karatu dai kuka yi, amma ba ku iya liƙi ba.”

Bai kai ga buɗe baki ba, ɗan robar da ke gefen murfi ya yi tsalle kamar harsashi. Bincike ya tashi sama, ya daki rumfa, ya sauko kan shanyar Baraka, kan hularsa, kan littafin sakamako. Kajin suka watse, biyu har gidan maƙwabta. Da ƙasa ta huce suka dawo suka tsince furotin ɗin tas, wanda shi ne kaɗai ɓangaren da ya tafi yadda aka tsara.

Laraba ba ƙwai. Alhamis ya cusa kajin a kwando ya hau motar Maigatari, bayan ya biya ta gidan Keziya da tukunya da dogon bayani. Ta leƙa ramin robar, ta leƙo shi ta ciki.

A kasuwa wani Badamagare ya saye su, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗaga ta ƙarshe, sai ga ƙwai a gindin kwando, da ɗuminsa.

“Kai, Malam, masu yi ne ashe! Me kake ba su?”

Malam Badaru ya gyara hula mai ɗigon kore. Ciniki ya riga ya faɗa, hannu ya riga ya haɗu.

“Dusa,” ya ce.

Ƙwan dai mutumin ya bar masa. Ya kawo shi gida a aljihun gaba, ya ajiye gaban Baraka a matsayin hujja. Ta juya shi, ta duba, ta soya wa Goggo.