Layuka Arba'in Marasa Sunan Mai Su

A ofis Mai Jan Biro ake ce masa. Su da 'yan sa-kai daga ko'ina suna gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma duk gyaran da aka turo sai ya bi ta teburinsa kafin ya shiga. Abin da ya fi tsarewa shi ne lasisi. Nasu mai sassauci ne: ɗauki ka yi yadda ka ga dama, ko ka rufe ka sayar, ka dai bar sunan mai shi. Akwai kuma mai sharaɗi, wanda ya ce in ka ɗiba ka gauraya da naka ka raba wa mutane, to naka ma dole ka buɗe shi ga kowa. Layin da aka ɗebo daga mai sharaɗi ba ya shiga tasu, domin kamfanonin da ke ɗaukar manhajar sun yarda da alkawarin cewa babu igiya a wuyanta.

Wata Talata da hantsi, sabuwar injiniyar da aka ɗauka ta turo gyara a sashen firinta. Yana karantawa ya ji ƙamshin wata manhaja mai sharaɗi. Ya bincika, ya ga layuka arba'in sun yi daidai da na waccan manhajar, har da kuskuren rubutu a wata kalma. Teburinta taku goma ne daga nasa, amma bai tashi ba. A zauren tattaunawa na intanet, inda ɗaruruwa ke karantawa, ya rubuta cewa wanda bai san bambancin kyauta da aro ba bai kamata a ba shi makullin rumbu ba.

Bayan azahar ta zo ta tsaya gefen teburinsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, ban je ko'ina na ɗebo ba. Daga tsohon fayil ɗinmu na kwafo, na sashen sikana."

"Wa ya rubuta shi?"

Ta sunkuyo kan kwamfutarsa. Ta miƙa hannu ta buɗe masa tarihin fayil ɗin, ta koma kujerarta.

Sunansa ne a kai, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Nan take ya tuna: ana gobe za a fitar da sabon zubin manhajar, sikana ta ƙi aiki, ya samo layukan a waccan manhajar, ya goge bayanin lasisi da sunan marubucin, ya ce wa kansa mako mai zuwa zai rubuta nasa. Makon bai taɓa zuwa ba. Ya sake karanta layukan daga farko. Dogo, abokin aikinsa na tebur na kusa, ya leƙo zai yi tsokanar da ya saba, ya ga fuskarsa, ya haɗiye maganar.

Mai Jan Biro ya tashi daga aiki da wuri. A gida matarsa tana shanya kayan yara, ta ga ya zauna bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

"Baban yara, lafiya? Ko an yi rasuwa ne?"

Ya kwashe labarin ya faɗa mata. Ta matse wata riga ta ce, "Laifi tudu ne kenan. To ita yarinyar mutane, ta tona ka a zauren?"

"Ko kalma ba ta rubuta ba."

"Ai shi ya fi ciwo. A kasuwa ka zage ta, ba a ɗaka za ka ba ta haƙuri ba."

Da safe ya rubuta saƙon sau huɗu. Ukun farko cike suke da "a wancan lokaci" da "matsin aiki", ya goge su. Na huɗu ya ce shi ya ɗebo layukan, shi ya goge sunan mai su, injiniyar ba ta da laifi, kuma maganar da ya yaɓa mata tasa ce. Ya sa shi a zauren, ya kuma aika wa marubucin asali da kamfanoni uku da ke amfani da sashen.

Aka cire fayilolin biyu, aka ɗage fitar da sabon zubi da mako uku. Marubucin ya amsa a taƙaice: ya gode, amma lasisinsa ba zai canja ba. Dole a sake rubuta sashen daga tushe, kuma wanda ya taɓa ganin layukan ba zai sa hannu ba. Aikin ya faɗa kan Dogo, wanda ya ce shi dai lalacinsa na ƙin karanta tsofaffin fayiloli yau ya yi masa rana.

Mai Jan Biro ya je teburin injiniyar, ya tsaya yana murza yatsu.

"Na ga saƙon, Yallaɓai," ta ce. "Ya wuce. Amma akwai sauran fayiloli goma sha shida da ka rubuta a waccan shekarar, ba a duba su ba."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ce ta buɗe na farko.