Kulla Biyu da Moɗa Arba'in da Bakwai

Shekara tara Amak, mahaifiyata, ba ta taka garinmu na asali, Payakumbuh, ba. Tun da ta faɗi a shagon abincinmu da ke birnin Bekasi ƙugunta ya daina yarda da kujera, ta mota ce ko ta jirgi. Ga yayarta can a gidanmu na gado idanu sun fara dushewa, kullum saƙonta ɗaya: a kawo mata Rosna, wato Amak, ta gan ta tun tana gani. Shi ya sa mijina, Uda Masrizal, ya sayi wata tsohuwar bas, ya ciccire kujerun, ya kafa wa Amak gado a baya don mu kai ta gida ƙaramar salla a kwance.

Ruwa ne ya so ya ɓata mana shiri. Amak ba ta alwala a famfo. Moɗa take tsomawa a kwami, kuma dole ruwan ya kai kulla biyu, gwargwadon da malamanmu suka ce in ya kai, ɗan kashin tsaka ko jiƙaƙƙen hannu ba ya ɓata shi muddin bai canza ba. A lissafinsu kwami ne mai kamu ɗaya da kwata ta kowane gefe, lita ɗari biyu da sha shida. Na ce mata liman ma a famfo yake alwala. Ta ce ba liman ne zai amsa mata tambayar kabari ba.

Uda ya zana tanki mai cin ɗari biyu da sha shida cif, yana ta murmushi. Na karɓe biron na ƙara masa tsawo da faɗi, don ni na san abin da na ƙirga. Mai walda ya ƙera shi shimfiɗaɗɗe a ƙarƙashin gadon, da murfi a gefe inda za ta riƙa ɗiba tana zaune.

Saura kwana uku mu tashi sai ga Kawu Basri, ƙanen Amak. A wurinmu maganar kawu a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa ta fi ta uba nauyi, kuma Kawu Basri bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ya shiga bas ɗin, ya buɗe murfin, ya naɗe hannun riga ya zura. Yatsunsa suka taɓa ƙasa gwiwar hannunsa tana waje.

"Wannan ai faranti ne, Yusnimar," in ji shi. "Ko kamu ɗaya bai kai ba. A faranti za ki sa uwarki ta yi alwala?"

"Kawu, zurfin da ya rasa ya samu a tsawo. Santimita ɗari da hamsin sau tamanin sau ashirin da takwas, lita ɗari uku da talatin da shida ke nan. In ka cire kusurwar da taya ta cinye, saura ɗari uku da biyu."

"Sau kaza sau kaza! Ki bari sai kin zo auna shinkafa."

Amak tana bakin ƙofa a dogare da sandarta, tana jin komai. Ta juya ta ce a mayar mata da jakarta ɗaki. Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ko ƙusa ɗaya bai buga a motar nan ba ya zo da hannu ɗaya zai hana 'yan'uwa biyu ganin juna.

Na bi ta ciki. A banɗaki na tarar da ita tsaye a gaban kwaminta, wanda marigayi babanmu ya gina da hannunsa shekarar da suka zo Bekasi. Cike yake fal. Nan dabara ta faɗo mini.

"Amak, wannan kwamin kulla biyu ne?"

"Babanki ne ya auna shi. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kawu, kai ma ka yarda?"

Ya ce ai ba mai musun wannan.

"To, Uda, kawo bokitai."

Muka jera tun daga banɗaki har bakin bas: ni, Uda, mata biyu masu dafa mana naman rendang a shago, da maƙwabcinmu mai gyaran babur da ya zo kallo na cusa masa bokiti. Ga azumi ga rana. Ni ke ɗiba, Uda ke zubawa. Na ce duk wanda ya zubar da ko ɗigo zai gamu da ni. Kawu ya ɗauko kujera ya zauna kusa da murfin kamar alƙali, duk bokitin da aka juye sai ya leƙa ya ce, "Yanzu zai tumbatsa." Sau goma sha ɗaya ya faɗa, na ƙirga.

Da na kai ƙasan kwamin sai na sa tsumma na tsane ragowar na matse a bokiti, don kada a ce na rage. Uda ya juye na ƙarshe. Muka leƙa gaba ɗaya. Tankin ya shanye kwamin Baba kaf, kuma saura faɗin yatsu huɗu kafin ya kai baki.

Mai gyaran babur ya yi tafi. Kawu ya gyara hula, sannan fuskarsa ta washe.

"To, madalla. Amma moɗar farko da za ta ɗiba, ruwan ya fara raguwa. Kafin la'asar ya sauka ƙasa da kulla biyu. Wannan fa, malama mai lissafi?"

Abin da nake jira ke nan tun safe. Na ɗauko moɗar Amak na tsaya a bakin famfon tsakar gida.

"Alwala biyar da wanka biyu, moɗa arba'in da bakwai take kashewa a rana. Kawu, kai za ka ƙirga."

Ina cikawa Uda yana kaiwa yana juyewa a tankin, Kawu yana ƙirga da ƙarfi, muryarsa tana ƙara ƙanƙancewa. Talatin. Arba'in. A arba'in da bakwai ya sa yatsa ya auna da kansa, ya ga saura faɗin yatsa guda kafin ya kai baki. Na ce masa kowace safiya za mu cika a masallacin da muka tsaya, kulla biyun da ke ƙasa ba mai taɓa su har Payakumbuh.

"Ke Yus," in ji Amak, "ina kika samo arba'in da bakwai?"

"Kwana uku na yi ina tsayawa a bayan ƙofar banɗaki ina sauraren moɗarki."

"Marar kunya!" Ta ɗaga sanda, amma dariya ce ta ci ƙarfinta.

Muka tallafe ta ta hau. Ta zauna a bakin gadon, ta tsoma moɗa, ta yi alwalar azahar a natse. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Da ta gama ta dubi ƙanenta.

"Basri, jakata tana ɗaki. Hannun nan naka mai tsawo ya yi wani amfani yau."

Ya tafi ya ɗauko, da kansa.

Uda ya ce bari ya sauke ruwan, mu cika sabo ranar tafiya, kada ya kwana uku a ƙarfe. Amak ta ɗora tafin hannunta a kan murfin.

"Kada ka taɓa shi. Ruwan kwamin babansu ne. Shi bai samu ya koma gida ba, wannan kam da ni zai tafi."