Murafun Bawul Shida

Shekara uku Hanan ta yi a Duwala tana karatun gyaran injin jirgin sama, ita kaɗai mace a ajinsu, ta dawo Garwa da diplom mai tambari biyu. Ranar da za ta fara aikin gwaji a wata rumfar ƙananan jirage, ta tsaya a tsakar gida ta shaida wa Goggo Halime, ƙanwar babanta da ta raine ta, cewa ita da dutsen niƙa da kankarar tukunya sun yi sallama ke nan.

Shef Eugène, babban makanike, bai ko kalli diplom ɗin ba. Ya kai ta gaban wani jirgi mai kujera huɗu da ake ƙirga dorina da shi a dajin Faro, ya kwance murafun bawul guda shida ya zube mata. Kowanne kamar murfin kwanon miya, fentinsa ya ɓare, bakinsa ya karkace har mai na tsiyayowa.

"Ki kankare, ki daidaita bakin, ki yi fenti," in ji shi. "Sau uku zan gwada. In har mai ya ɗiga a na uku, sito za ki koma kina jera noti. In bai ɗiga ba, ki riƙe sufana tare da mu."

Kwana huɗu tana kankara cikin zafin Afirilu, rufin kwano na gasa ta, fatar yatsunta na saɓulewa. Ta zuba musu fenti har tana hango fuskarta a ciki, ta kuwa tsaya ta gyara ɗankwali. Aka ɗaura, aka tada inji. Uku suka yi hawaye.

Shef ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ya nuna mata yadda ake goga bakin murfi har ya kwanta daidai. Ta ce ai sun yi wannan a makaranta tun a shekarar farko. Ta sake kankare fentin da ta sha wahala a kai, ta goga, ta fesa sabo. Biyu suka ɗiga.

"Saura gwaji ɗaya, Madmazel injiniya," in ji Shef.

A gida kuwa, duk wanda ya tambayi aiki sai ta ce ita aka damƙa wa sashe mafi haɗari a injin. Ba ƙarya ta yi ba, a ganinta, tunda jirgin da mai ya tsiyaye masa ba ya daɗewa a sama.

Ran Lahadi da hantsi ta ɓuya a bayan madafa da wani tsohon murfi da aka yar a rumfa, da samfefa a kan guntun gilashin taga, tana ta gurza. Sai ga inuwar Goggo a kanta.

"Ikon Allah! Injiniya, niƙa ake yi?"

"Ba niƙa ba ne, Goggo. Akwai lissafi a ciki."

"To, lissafin naki hannun dama ya fi nauyi. Tun kina ƙarama haka kike. Ke kika kwarmaɓe min gefen dutse, har yau tattasai can yake taruwa. Miƙo nan."

Goggo ta dangwalo baƙin tukunya ta shafe bakin murfin, ta goga sau uku a hankali, ta juyo shi. Gefe ɗaya ya yi fari tas, ɗayan baƙinsa na nan.

"Kin gani? Nan kike ci, can kina bari. Kar ki danna. Ki goga goma ki juya shi, goma ki juya, sai baƙin ya tafi gaba ɗaya."

Hanan ta buɗe baki za ta kawo sunan abin da Faransanci, ta ga sunan ba zai hana mai zuba ba, ta rufe.

Litinin ta isa rumfa da baƙin tukunya ƙunshe a takarda cikin jakar da diplom ke ciki. Kwana biyar tana goma-ki-juya, kafaɗa na zogi. Ran Asabar aka tada inji, aka bar shi yana ruri. Shef ya bi murafun ɗaya bayan ɗaya da farin ƙyalle, ya ɗaga shi sama. Ko ɗigo babu.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wata ƙwararriya ce," in ji Hanan, ta ɗaga haɓa. "Ta fi shekara arba'in a fannin."

Shef ya miƙa mata sufana. Kafin ta gama jin daɗin nauyinta a hannu, ya nuna wani jirgi mai inji biyu a ƙarshen rumfa.

"Tunda hannunki ya faɗa, je ki kwance na wancan. Goma sha biyu ne."

Da ta koma gida da la'asar, ta tarar Goggo ta ajiye mata tattasai a gefen dutse. Ta duba, ba kowa a tsakar gida, ta naɗe hannun riga ta durƙusa.